Sunana Sada

Babana ya raɗa mini Sada,
bai san sana'a ya yanka mini ba.
Yau kwana tara ina ƙarƙashin teburin nan,
a ɗakin karɓar kiran gaggawa, can bayan Ƙofar Ƙaura,
a rigingine, tocila a baki,
ina sulhu tsakanin na'urori biyu da ba sa ga maciji.

Oba-oba tana da yarenta.
Takan yayyanka murya gunduwa-gunduwa,
ta mai da ita lamba, ta watsa wa iska.
Teburi ya ce shi bai san wannan gaisuwar ba.
Tsakaninsu na dasa tafinta,
ɗan akwati mai fitila huɗu.
Uku sun kama. Ta huɗu ta kafe.

Murja mai aikin dare
ta ajiye mini shayi bisa kwalin waya.
Ta ce, Sada, sai yaushe?
Na ce bayan lisha.
Jiya ma haka na ce mata.

Ba ta san labarin Mannir ba.
Damina shida ke nan,
tsakanin Rimi da Caranci,
motar gero ta kwanta da shi.
Jami'in hanya ya iso da oba-oba a kafaɗa,
ya yi kira har muryarsa ta dushe.
Motar asibiti ma tana da tata,
a wata tashar daban.
Mil goma sha biyu kacal,
kowa na magana, ba mai jin kowa.
An ce ƙanena ya roƙi ruwa sau biyu.
Na ukun bai ƙarasa ba.

Ban ce waya tana hana ajali ba,
ba a haka aka rene ni.
Amma wanda ya ce a dogara
shi ya ce a ɗaure raƙumi.

Na sake bin layin tun daga eriya,
na sauko da shi ta silin, ta bayan kabad,
inda ɓera ya ɗanɗana roba ya bari.
Ba ɓera ba ne.
Ba ruwan sama ba, ba batirin sola ba.
Ni ne.
Ran Talata, da barci a idona,
na buga bakwai a gurbin ɗaya.
Lamba guda ta raba gari da gari.

Na gyara. Na yi bisimilla.
Fitila ta huɗu ta yi ƙifce, ta yi shawara,
sannan ta tsaya kore shar.

Shiru.
Sai wani ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara,
sai murya, garau, kamar daga zaure:
Kwana-kwana ce daga Mashi, kuna ji na? Oba.
Sunansa ya hau allo, Ɗayyabu,
da ɗan ɗigo a taswira, gefen kasuwa.
Murja ta danna da ƙafa, ta ce muna jin ka,
har tarin da kake yi.
Ya yi dariya. Mil nawa, dariya ta iso ba ta zube ba.

Ba mu gama murna ba Kaita ta shigo.
Rijiya ta rufta da mai haƙa.
Murja ta ja ɗigo biyu da yatsa ta haɗe su,
motar asibiti ta ji, 'yan kwana-kwana suka ji,
kira ɗaya, kunne uku.
Na ga ɗigon ya fara rarrafe a allo,
ya fita ta Ƙofar Sauri.

Ban san ko za su same shi da rai ba.
Na naɗe sauran waya a gwiwar hannu,
na ƙirga filaya da sukundireba,
ɗaya ta ɓace, gobe na neme ta.
Shayin ya yi sanyi, har ƙuda ya faɗa.
Na cire shi da farce, na shanye.